Tukunya Da Magininta

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ya san ranar zuwan mai duba makarantu. Tun da asuba a share fili, a wanke allo, a cika rajistar da aka daɗe ba a taɓa ba. Haka kuma akawu yakan yi ran da aka ce mai binciken kuɗi yana tafe. Ni da aikina yawon dubawa ne, na sha ganin rajistar wata guda cur an rubuta ta a zama ɗaya. Ban cika yin faɗa ba, domin sa'ad da nake ƙaramin malami ni ma na aikata haka. Mai dubawa ya yaba mini, ya sa hannu, ya tafi. Yara biyu kuwa da na rubuta suna zuwa, ashe sun yi wata suna kiwon awaki. Ban neme su ba, ba su kuma komo ba har yau.

Abin da ya tuna mini da wannan, kwanan baya na fita rangadi ƙasar Rimin Gado, yamma da Kano a kan hanyar Gwarzo, na tsaya wurin masu sayar da tukwane. Wata tsohuwa ta ɗauki tulu jawur mai kyaun gani, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kasa kunne, sai ta ajiye. Ta ɗauki wani wanda bai kai shi kyau ba, ta ji amonsa garau, ta biya. Tsagar da ido bai gani ba, kunne ya ji ta.

To, mu Kirista muna da koyarwa a kan wannan cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi dukansa da Hausa a 1932, bayan wahalar da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Shi ake karantawa a makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Tofa, maƙwabciyar Rimin Gado. A sura ta 18 ta littafin Irmiya, Allah ya aiki annabin gidan maginin tukwane. Ya tarar abin da ake ginawa ya lalace a hannun maginin, amma maginin bai yar da yumɓun ba, sai ya sake gina wani abu da shi yadda ya ga dama. A ƙarshen Zabura ta 139 kuma, Dawuda da kansa ya roƙi Allah ya bincike zuciyarsa, ya gwada shi, ya bi da shi hanyar da ta dace. Ku lura, jama'a: mu mukan ɓuya wa mai dubawa, shi kuwa Dawuda kiransa ya yi.

Wanda ya ga aikin magini ya san ba a ginin tukunya da lallashi. Sai an tsince tsakuwa daga yumɓu, an jiƙa shi, an tattake, an cuɗa, sa'an nan a gina, a shanya, a sa a wuta. Tsakuwa ɗaya da aka bari ita ke fasa tulu ran gashi. Tsakuwar ma'aikaci kuwa ƙarama ce: ɗan kuɗin da aka ranta daga akwatin ofis da nufin mayarwa, makin da aka ƙara wa ɗan mai arziki, sa hannu a kan abin da ba a duba ba. Gyara kuma sai yumɓu yana da laushi. In ya bushe, sai fashewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san wannan, gama malamansu suna horo mutum ya yi wa kansa hisabi tun ranar hisabi ba ta zo ba. Saboda haka shawarata ga malamai da akawuna ita ce, kowane dare kafin barci mutum ya buɗe rajistar yininsa a gaban Allah, ya roƙe shi ya nuna masa tsagar, sa'an nan da safe ya je ya gyara, ko da zai ji kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya sa a ƙwanƙwasa mu a ji amo garau, amin.