Kumburin Ido da Zazzaɓi: Ciwon da Ba Ya Jiran Gobe

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Hausa, mura takan zama ruwan dare. A gida ɗaya sai ka tarar da yara uku ko huɗu suna jan majina, kuma yawancinsu kafin mako ya zagayo sun warware. Amma a cikinsu akan sami wanda murarsa ta ƙi tafiya, majinar ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, sai wata safiya a wayi gari idonsa ɗaya ya kumbura suntum, fatar ta yi ja tana sheƙi, jikinsa kuwa rau da zazzaɓi. Abin da ke biyo baya sananne ne. Wannan ta ce cizon ƙwaro ne, waccan ta ce hazbiya ce za ta fashe da kanta, daga ƙarshe a aika kemis a sayo maganin ɗigawa. Tsakanin wannan safiya da ranar da za a kai yaron asibiti ake asarar ido, wani lokaci har da rai.

Ƙwayar ido tana zaune ne a cikin gurbi na ƙashi, kewaye da kitse da tsokoki shida masu juya ta, sannan daga bayanta jijiyar gani ta wuce zuwa ƙwaƙwalwa. A bakin gurbin akwai wani tantani mai ƙarfi da ya taso daga gefen ƙashin ya shiga cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa. Wannan tantani shi ne iyaka, kuma a kansa hukuncin likita yake rataye. Idan ƙwayoyin cuta suka tsaya a gabansa, fata ce kawai ta kamu. Irin wannan yakan biyo bayan ƙurji, ko cizon ƙwaro da aka sosa, ko hazbiyar da aka matse, kuma duk munin kumburin, idon da ke ciki lafiyarsa lau. Idan kuwa cutar tana bayan tantanin, to ta shiga wurin da babu sarari. Ƙashi ba ya buɗewa, don haka duk ruwa ko mugunyar da ta taru sai ta tura ƙwayar idon waje, ta matse jijiyar gani da hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Jijiyar gani idan ta mutu ba ta dawowa.

Ta ina cutar ke shiga can baya? Galibi ta hanci. A cikin ƙasusuwan fuska akwai wasu koguna masu iska da ke buɗewa cikin hanci, kuma waɗanda ke tsakanin hanci da ido tun ana jariri ake da su. Bangon da ya raba su da gurbin ido siriri ne kamar takarda, ga shi da ƙananan ƙofofi da jijiyoyin jini ke ratsawa. Mura ta toshe kogon, majina ta kwanta, bakteriya suka yi yawa, ba su da wani nisa da za su yi. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon ya fi kama yara. A wasu kuma ruɓaɓɓen haƙorin sama ne mafari, ko rauni daga tsinke ko ƙarfe da ya huda fatar ido.

Matsalar ita ce daga waje nau'in biyu kama ɗaya suke yi, sai an buɗe idon ake rarrabewa. Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin agajin gaggawa na yara ya san yadda abin ke gudana. Uwa ta rungume yaro yana tsala ihu, likita ya ce, "Mama, riƙe mini kansa da kyau." Ya sa yatsu biyu ya ɗaga fatar da ƙyar, ya haska tocila. Yana duba ko ƙwayar ta turo gaba fiye da 'yar'uwarta, ko farin idon ya kumbura ya yi ruwa-ruwa, ko ɗan baƙin tsakiya yana tsukewa idan haske ya faɗa masa. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Yaro, bi hannuna da ido," ya kai dama, ya kai hagu, sama da ƙasa. Idan idon ya ƙi juyawa, ko juyawar ta sa yaron ƙara, ko ya ce yana ganin yatsa biyu, magana ta ƙare, cutar ta shiga bayan tantanin. Babban yaro akan nuna masa jan abu a tambaye shi launinsa, domin dusashewar ja na cikin alamun farko na cewa jijiyar gani ta fara galabaita. Binciken nan bai fi 'yan mintuna ba, bai buƙaci wata na'ura mai tsada ba, amma ba a yin sa a kan kantar kemis.

Tun a 1970 wani likita a Amurka, Chandler, tare da abokan aikinsa suka kasa wannan ciwo mataki biyar, kuma har yau da rabe-rabensu ake koyarwa. Daga kumburin fata kaɗai, sai kumburin cikin gurbi, sai taruwar mugunya tsakanin ƙashi da tantaninsa, sai mugunya a cikin gurbin kansa. Mataki na biyar shi ne abin tsoro: cutar ta bi jijiyoyin jini ta koma baya, jini ya daskare a wata babbar magudanar jini da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. A nan ne ake ganin ɗaya idon ma ya fara kumbura, ciwon kai ya tsananta, mara lafiya ya shiga magagi. Daga nan zuwa sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa taki ɗaya ne. Ba dole cutar ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya ba, tana iya tsallake. Jinin da ke fitowa daga hanci da leɓen sama ma yana da hanyar zuwa wannan magudana, shi ya sa likitoci ke hana matse ƙurjin da ya fito a wannan yanki na fuska.

Maganin ɗigawa a saman ido yake tsayawa. Ba ya ratsa tantani, ba ya isa kogon hanci, balle bayan ƙwayar ido. Wanda cutarsa ta shiga gurbi kwanciya asibiti ce ta kama shi, a sa masa maganin kashe bakteriya ta jijiya ba dare ba rana, ana auna ganinsa a kai a kai. Inda hali ya yi a ɗauki hoton kai da na'urar CT don a ga ko mugunya ta taru. Idan ta taru da yawa, ko gani ya fara raguwa, ko an kwana ɗaya zuwa biyu ana magani babu sauƙi, sai likitan ido da na kunne, hanci da maƙogwaro su yi aiki su fitar da ita. Wanda nasa ya tsaya a fata kuwa, in babba ne kuma jikinsa da ƙarfi, maganin sha ya isa, da sharaɗin a dawo da shi washegari a sake dubawa. Jariri dai ba a yin wannan kasada da shi.

A nan dole in taɓo wata magana da ta yi kaka-gida a tsakaninmu, wai kumburi mai yaɗo "daji" ne, kuma daji ba ya son allura. Da wannan magana ake hana mara lafiya abu ɗaya tak da zai cece shi. A shafa masa ƙulli, a yi masa turare, a kira wanzami ya tsaga, sai ido ya fito waje sannan a nemi mota. Idan aka isa a makare aka rasa shi, sai a ce ai allurar ce. Ba allura ba ce, jinkiri ne. Neman waraka ta addu'a bai taɓa hana zuwa asibiti ba.

Rigakafi ma yana da hannu a nan. A da, wata bakteriya da ake kira Hib tana cikin manyan masu jawo kumburin ido da sanƙarau ga ƙananan yara. Allurar Penta, wadda Najeriya ta fara bayarwa a 2012, tana ɗauke da kariya daga gare ta, kuma ana yin ta ne a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Uwar da ta cika katin ɗanta ta rufe wa wannan cuta ƙofa guda.

Ga manya, wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai ciwon suga da bai kula da shi ba. Akwai wata cuta dangin fumfuna da ke tsirowa a hancin irin waɗannan, ta ci nama ta bar shi baƙi, ta haura ido cikin kwanaki kaɗan. Ita ce ta addabi Indiya a 2021 lokacin annobar korona, inda aka ƙirga mutum fiye da 40,000. Mai suga da ya ga gefen fuskarsa ya kumbura, hanci na fitar da baƙin ruwa, ko ya ga baƙin tabo a gandarsa, kada ya kwana a gida.

Sai jarirai, waɗanda lamarinsu ya fi taɓa mini zuciya domin kare su ba shi da tsada. Jaririn da idanunsa suka kumbura suna zubar da mugunya mai kauri tsakanin kwana biyu zuwa biyar da haihuwa, mai yiwuwa ya ɗauki ƙwayar ciwon sanyi ne a hanyar fitowa. Wannan ƙwaya tana iya huda baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Tun a 1881 likita Carl Credé na birnin Leipzig a Jamus ya nuna cewa ɗigon magani guda a idon jariri da zarar an haife shi ya rage cutar daga kusan ɗaya cikin goma zuwa ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Yau man shafawa na ido ake amfani da shi, amma wanda aka haifa a ɗaki ba ya samu, kuma sau da yawa ruwan nono ake tatsa masa a ido ana jiran a yi suna. Jaririn yana buƙatar allura, uwa da uba kuma su ma a yi musu magani. A kuma kula da maganin cibiya: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an sami jarirai a ƙasashen Afirka da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, wasu suka makance.

Ba jarirai kaɗai abin da ake zubawa a ido yake cutarwa ba. Apolo, wanda ya fara ɓulla a Gana a 1969, bairas ne ke kawo shi kuma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ke makantarwa shi ne fitsari da ruwan batir da sauran abubuwan da ake zubawa. Haka manomin da ganyen dawa ya karce masa ido a lokacin girbi: idan aka ba shi maganin ɗigawa mai sitiroyid, jan zai ragu ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali gyambon yana ci ta ƙasa har ya bar masa hakiya ko ya fasa idon.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 84 cikin ɗari na makanta a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama abu ne da za a iya kauce masa ko a magance shi. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido a asibitocin koyarwa, amma mutumin ƙauye ba da su yake fara haɗuwa ba. Da mai kemis yake farawa, da ma'aikacin ƙaramin asibiti, da ungozoma. Su ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su koya wa alamun nan, su kuma ba su hanyar tura mara lafiya gaba ba tare da ya yi ta yawo ba.

Kai kuma mai karatu, idan ka ga ido ya kumbura tare da zazzaɓi, ko ya turo waje, ko ya ƙi juyawa, ko gani ya ragu, ko jariri na zubar da mugunya, ka kai shi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, kuma kada ka bari a zuba masa komai a ido kafin ku isa.