Masu Jira a Bakin Ruwa

A garuruwan Ingila da Amurka da Ostareliya, a irin lokacin da a ƙasarmu ladan yake shirin kiran assalatu, sa'ad da sanyin hunturu ya daskarar da raɓa a kan gilashin mota kuma babu motsin kowa a titi, akwai wata jama'a da take fitowa daga gidajenta kullum ranar Allah, kowane mutum da yaro ko yarinya a gefensa, idanu cike da barci, jakar tawul a kafaɗa, su nufi wani gini mai ɗumi wanda warin maganin tsarkake ruwa yake tarbar mutum tun daga bakin ƙofarsa. Waɗannan su ne iyayen 'yan gasar ninƙaya. Idan ɗan ya girma ya ci lambar zinariya duniya takan san sunansa, wataƙila ta san na kocinsa, amma da wuya a tuna da wanda ya yi shekara goma yana zaune a kan benci yana jiran a fito daga ruwa, alhali kuwa ba don shi ba da yaron bai ko isa bakin ruwan ba.

Ya kamata a fara da bayanin mene ne wannan sha'ani, domin ya bambanta da iyon da muka sani. Koyon iyo don tsira da rai abu ne da magabata suka kwaɗaitar a kansa, har an ruwaito daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, cewa ya umarci a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, kuma wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda Kabawa suke tsere a cikin ruwa. Amma gasar kulob wata aba ce daban. Kulob ƙungiya ce mai koci da dokoki da kuɗin wata, tana da tafkin da aka gina ko take haya, mai tsawon mita 50 irin na Olamfik, ko mita 25, ko kuwa yadi 25 kamar yadda aka fi yi a Amurka, an raba shi layi-layi da igiyoyi masu yawo a kan ruwa. Salon iyon iri huɗu ne: akwai sakakken iyo wanda ya fi sauri, akwai na rigingine, akwai iyon kwaɗo, sa'an nan akwai wanda suke kira da sunan malam-buɗe-littafi saboda yadda ake ɗaga hannuwa biyu tare, shi ne kuwa mafi wahala. Ana kasa yara gwargwadon shekarunsu, kuma abin da ake tsere da shi a haƙiƙa agogo ne, wanda yake lissafi har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Yaron da ya kai shekara goma sha huɗu a babban rukuni yakan shiga ruwa kwana shida a mako, wasu ranakun sau biyu, kafin makaranta da bayanta, kowace shiga wajen awa biyu, ya ci kilomita biyar ko shida yana kai da komo tsakanin bango biyu. Yaro kuwa ba ya tuƙa mota, ba ya biyan kuɗi, ba ya dafa wa kansa abinci, saboda haka duk wannan nauyi a wuyan iyaye yake sauka.

Labarin Adam Peaty na Ingila ya isa misali. An haife shi a 1994 a wani ƙaramin gari, Uttoxeter, shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu, kuma yana ƙarami tsoron ruwa yake yi har wanka ma sai da kuka. Da ya kai shekara goma sha huɗu sai ya koma kulob ɗin birnin Derby a hannun koci Mel Marshall, wadda ita ce ta gane baiwarsa a iyon kwaɗo. Daga nan mahaifiyarsa, wadda take shugabantar wani gidan renon yara, ta shiga tashi ƙarfe huɗu na asuba, ta yi tuƙin kusan minti arba'in, ta zauna jiran awa biyu, ta komo da shi, ta wuce wurin aikinta ta yini, da yamma kuma a sake. Gidan ba na masu hali ba ne, har ta kai maƙwabta suna shirya taron cin abinci don a tara kuɗin mai da na zuwa gasa. A 2016, a Olamfik na Rio, ya ci zinariya a mita 100 na iyon kwaɗo cikin daƙiƙa 57.13, abin da babu mahaluƙin da ya taɓa yi kafinsa. Duk wanda ya auna wannan ƙasa da minti ɗaya da shekarun asubancin da suka haife shi zai san cewa lambar da aka rataya wa mutum ɗaya mutane da yawa ne suka ci ta.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon sharhi, sai dai tana da nauyi. Bayan kuɗin kulob akwai na shiga kowane tsere, da na masauki idan gasa ta kai su wani gari, da abincin yaron da yake fitowa daga ruwa da yunwar mutum biyu, da tabaran ruwa da huluna, da rigar tsere ta musamman mai matse jiki wadda ake sayarwa dala ɗaruruwa kuma ba ta jure sawa da yawa. Wannan riga ta zama abin gasa tsakanin iyaye har sai da hukumar ninƙaya ta Amurka, a 2020, ta hana yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa ƙasa sanya ta a mafi yawan gasanni, kuma a ganina ta yi adalci, domin bai kamata ɗan talaka ya tsaya a bakin ruwa yana jin an riga an kayar da shi a kanti ba.

Ranar gasa kuwa ita ce ranar da ake ganin iyakar haƙurin mutum. Akan fara tun safiyar Asabar a kai yammacin Lahadi, a cikin zauren da ya cika da zafi da tururi da ƙarar usur, uwa ta rubuta wa ɗanta a damtse da alƙalami lambar tserensa da zagayensa da layinsa don kada ya manta, sa'an nan ta koma ta zauna awa uku ko huɗu domin ta ga abin da ba zai wuce daƙiƙa arba'in ba. Abin da baƙo ba ya lura da shi shi ne cewa yawancin masu fararen riguna da suke tsaye a bakin tafkin, masu riƙe da agogo da alƙalan da suke duba juyi da bugun ƙafa, su ma iyaye ne da suka yi kwas suka ba da lokacinsu kyauta, in babu su gasa ba ta yiwuwa. A iyon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi wajibi ne a taɓa bango da hannu biyu lokaci guda, wanda ya taɓa da ɗaya an soke tserensa ko da shi ya zo na fari. Don haka sai ka ga uba ya ɗaga hannu ya soke tseren 'yar maƙwabcinsa mai shekara tara, yana sane da hawayen da za su biyo baya, domin amanar hukunci ba ta san sanayya ba.

To, amma duk wannan, da asubanci da kuɗi da zaman jira, shi ne ɓangare mai sauƙi, domin wahalar jiki ce kuma ƙauna takan ɗauke ta. Mai wuyar shi ne mutum ya kashe dukiyarsa da ƙuruciyarsa a kan wani abu, sa'an nan ya iya kame bakinsa a kansa. Wanda ya shekara biyar a kan benci lalle zai haddace lokutan ɗansa da na abokan karawarsa, zai fara ganin kurakuran hannu da na numfashi, kuma zuciya za ta riƙa raya masa cewa tunda shi ke biya yana da haƙƙin gyara. Daga nan sai motar komawa gida ta zama kotu, yaron da ya riga ya ji ta bakin kocinsa, ya kuma ga lokacinsa a allo da idonsa, ya sake zama a gaban alƙali na biyu wanda ba shi da hanyar guje masa. Masu horarwa sun daɗe suna roƙon iyaye su bar musu koyarwa su riƙe tarbiyya, kuma ina tare da su ƙwarai, saboda yaron da ake auna shi da agogo safe da yamma yana bukatar wuri ɗaya tak a duniya inda darajarsa ba ta hawa ba ta sauka da daƙiƙoƙi, in kuwa gidansu bai zama wannan wuri ba, to, ba shi da shi ke nan.

Bukatar wannan takan tsananta a shekarun balaga. Yaron da ya riga tsaransa girma yakan yi ta cinye su yana ɗan shekara goma sha ɗaya, iyaye su ɗauka an gama, sai sauran su kamo shi su wuce. Yarinya kuma, sa'ad da jikinta ya sauya, tana iya shekara ɗaya ko biyu lokacinta bai ragu da ko ƙwayar zarra ba, alhali tana aiki fiye da dā. A nan ne da yawa suke bari, kuma sau da yawa fuskar da suke gani a kan benci ita take yanke hukuncin.

Debbie Phelps, malamar makaranta a jihar Maryland ta Amurka, ta san fuskoki biyu na wannan al'amari. 'Ya'yanta mata biyu, Hilary da Whitney, su suka fara iyo, kuma Whitney ta yi nisa har ana sa mata ran zuwa Olamfik na 1996, sai ciwon baya ya kama ta, ta zo ta shida a gasar zaɓen 'yan wasa inda biyu kawai ake ɗauka. Gidan ya ɗanɗani wannan baƙin ciki kafin ƙaninsu Michael ya zama abin da ya zama. Shi kuwa ya shiga ruwa yana ɗan shekara bakwai, yana ƙin sa fuskarsa a ciki har sai da aka fara masa da rigingine. Iyayensa suka rabu yana da tara, likita kuma ya tabbatar yana da larurar rashin natsuwa da kasa tsai da hankali. Uwar ba ta taɓa zama kocinsa ba, wannan aikin Bob Bowman ne na kulob ɗin North Baltimore tun yaron yana da shekara goma sha ɗaya. Abin da ta riƙe shi ne ladabi. Ta ba da labarin ranar da ya zo na biyu yana ɗan shekara goma, ya fizge tabaransa ya yi jifa da shi don fushi, a hanyar gida ta yi masa nasiha a kan halin da ya nuna, ba ta ce komai a kan tseren ba, suka kuma yi alkawarin wata alama da za ta riƙa yi masa da yatsu daga cikin 'yan kallo, ma'anarta ya kama kansa. Wannan yaro shi ya tara lambobin Olamfik 28, guda 23 na zinariya, kuma shi ne daga baya ya fito ya bayyana irin ƙuncin zuciyar da ya shiga bayan wasannin 2012, wanda ya nuna cewa ko wanda ya fi kowa nasara bai wadatu daga mai tambayar lafiyarsa kafin lokacinsa ba.

Kame baki a kan salon iyo ba ya nufin rufe ido a kan amana. An sami masu horarwa a ƙasashe da dama da suka ci amanar yaran da aka damƙa musu, shi ya sa a 2017 aka buɗe wata cibiya a Amurka mai binciken irin wannan ta'asa a wasanni, aka kuma kafa ƙa'idar cewa babba ba ya keɓewa da yaro sai a inda wani zai iya ganinsu ya kuma katse su, hukuncin da duk wanda ya karanta babin halwa a fiƙihu ba zai yi mamakinsa ba. Haka nan ciwon kafaɗa, da yarinyar da ta fara ƙin abinci don tsoron nauyi, da karatun da ya fara ja da baya, duk abubuwa ne da uwa take riga koci gani, kuma a kansu wajibi ne ta yi magana.

Sa'an nan akwai lissafin da ya kamata kowane uba ya yi tun farko. Hukumar ninƙaya ta Amurka tana da mambobi fiye da dubu ɗari uku, amma ba ta iya kai fiye da maza 26 da mata 26 Olamfik, shi ma sau ɗaya a shekara huɗu. Wasu kaɗan sukan sami tallafin karatu a jami'a ta dalilin iyo. Mafi yawa kuwa abin da suke fita da shi shi ne lafiyar jiki, da sabon tashi da wuri, da abokai, da sanin yadda ake faɗuwa a gaban jama'a a komo aiki washegari.

Ranar 31 ga Yuli, 2012, a Landan, an yi tseren ƙarshe na mita 200 na malam-buɗe-littafi, tseren da Michael Phelps ya shekara goma ba a kayar da shi ba a manyan gasanni. A cikin 'yan kallo akwai Debbie da 'ya'yanta mata, can wani gefe kuma akwai Bert le Clos, mutumin Durban ta Afirka ta Kudu, wanda ɗansa Chad, mai shekara ashirin, ya tashi yana kallon faifan tseren Phelps yana koyi da shi. Phelps ne a gaba har dab da bango, sai ya miƙa hannu ya sulala, Chad kuwa ya ƙara bugu ɗaya ya taɓa, allo ya nuna 1:52.96 da 1:53.01. Bert ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, aka kai shi gaban kyamarar BBC yana ta yabon ɗansa murya na rawa, har shi ma ya yi suna a daren nan. Debbie kuwa ta riga ta ɗaga hannuwa tana murna, tana zaton ɗanta ne ya ci, sai 'yarta ta nuna mata allo ta ce na biyu ya zo. Ta ɗan yi shiru tana duban lambobin, sa'an nan ta shiga tafa wa wanda ya ci. Ba a yi awa biyu ba Michael ya sake shiga ruwa a tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu, ya ci lambarsa ta goma sha tara, wadda ta wuce ta kowane ɗan wasa a tarihin Olamfik, uwar tana nan zaune a inda take.