Ƙirgen Maƙala da Ambato: Ya Isa Ya Auna Masana Duwatsun Najeriya?

Duk lokacin da aka jera ƙasashen duniya bisa ƙarfinsu a binciken kimiyya, abu biyu aka fi ƙirgawa: yawan maƙalun da masanan ƙasar suka buga a mujallun ilimi, da yawan lokutan da wasu masana suka ambaci waɗannan maƙalu don kafa hujja. Ba'amurken nan Eugene Garfield ne ya kawo dabarar a 1955, ya kuma fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, wanda ya zama tushen rumbun Web of Science na yau. A 2004 kamfanin Elsevier ya buɗe nasa rumbun mai suna Scopus. Yadda ake yi ba shi da wuya: kowace maƙala tana ɗauke da adireshin marubutanta, kwamfuta ta ga an rubuta Zariya ko Jos ko Ibadan, sai ta zuba aikin a lissafin Najeriya. Da wannan awo ake yanke hukunci a kan jami'o'i, a kan kuɗin bincike, har da ƙarin girman malamai. A fagen kimiyyar doron ƙasa, wato ilimin duwatsu da ma'adinai da ruwan ƙarƙashin ƙasa, awon yana faɗin gaskiya, amma gaskiyar da yake faɗa ba ta kai rabin labari ba, kuma ƙasar da ta rataya manufofinta a kansa kaɗai za ta cuci kanta.

A fara da abin da ya tona, domin ba ƙarami ba ne. A 2020 wasu masana uku na Jami'ar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu suka bi diddigin manyan mujallun wannan fanni na tsawon kimanin shekara 40. Sun gano cewa maƙalun da suka shafi Afirka ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma a cikin waɗannan ɗin ma kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai ke ɗauke da sunan marubuci daga nahiyar. Ma'ana, a zo a ɗebi samfurin dutse a ƙasarka, ɗan ƙasa ya yi jagora, ya nemo izini, ya yi tafinta, a tafi da samfurin Turai ko Amurka, aiki ya fito babu sunansa. An daɗe ana ƙorafin wannan a bakin masana, amma sai da aka ƙirga kafin ƙorafi ya zama hujjar da ba ta musantuwa. Wanda ya ce a watsar da ƙirge baki ɗaya, ya sani yana watsar da makamin da ya fi kare shi.

Matsalar tana ga abin da rumbunan suke iya gani. Ba duk mujallun duniya suke tattarawa ba, zaɓa suke yi, kuma zaɓin ya karkata ga na Turanci da na manyan kamfanonin ɗab'i. Kimiyyar doron ƙasa kuwa babban amfaninta yana fitowa ne a sifar taswira, da rahoton rijiyar burtsatse, da bayanan awon da aka yi daga jirgin sama. An kafa hukumar binciken duwatsu ta Najeriya tun 1919, kuma rahotanninta ne ginshiƙin abin da aka sani game da kwal ɗin Inugu, da kuzar Jos, da ruwan da ke kwance ƙarƙashin Borno. Rahoton da W. Barber ya fitar a 1965 kan ruwan da ke tunkuɗo kansa daga ƙarƙashin ƙasa a masarautun Borno da Dikwa ya yi wa masu haƙar rijiyoyi jagora shekara da shekaru. Injiniyan da ya buɗe irin wannan rahoto kafin ya kafa injin haƙa ba ya rubuta maƙala, don haka babu ambato ko ɗaya da zai shiga lissafi, alhali gari guda ya sha ruwa. Haka ilimin da aka tara a yankin Neja Delta tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956: mafi yawansa yana kulle a ma'ajiyar kamfanoni saboda sirrin kasuwanci. A Jamhuriyar Nijar abin ya ninka, domin abin da aka rubuta kan yuraniyom ɗin Arlit da Faransanci aka rubuta da yawansa, kuma a rahotannin kamfani. Wannan ƙirge mudu ne da aka yi don hatsi, aka ce shi za a auna komai na kasuwa da shi.

Akwai kuma batun wuri da lokaci. Masanin da ya yi rubutu kan sauyin yanayin duniya yana da dubban masu karatu a kowace nahiya. Wanda ya yi shekaru yana bin jijiyar zinare a duwatsun Anka da Maru, masu bukatar aikinsa kaɗan ne, kuma yawancinsu ba masu rubuta maƙala ba ne. Amma a 2010 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, aka tabbatar gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 irin wannan bala'i ya faɗa wa Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Bincike mai sauƙi da zai nuna wace jijiya ce ke da dalma, a kuma isar da shi ga hakimai da masu haƙa da Hausa, ba zai tara ambato mai yawa ba, amma babu mai hankalin da zai ce ya gaza wata maƙala daraja. Sannan wannan fanni tafiyar hawainiya yake yi. Ma'aunin darajar mujalla da aka fi yayi yana duba ambaton shekara biyu ne kacal, alhali Alfred Wegener ya kawo ra'ayinsa na cewa nahiyoyi suna gusawa a 1912, ya mutu a 1930, ba a karɓi maganar ba sai a shekarun 1960.

Za a ce wannan duk hanzari ne na wanda ya kasa gasa, kuma maganar tana da nauyi. Hujjar "aikina na gida ne" ta sha zama mafakar malamin da bai yi komai ba, ko wanda ya biya kuɗi aka buga masa rubutu a mujallar bogi da babu mai tantance ta. Za a kuma ce idan aka cire lamba, me zai rage a kwamitin ƙarin girma in ban da sanayya da ɓangaranci? Wannan tsoro ne na gaskiya, shi ya sa ba a nemi a cire lambar ba. Abin nema shi ne a faɗaɗa abin da ake ƙirgawa, kuma a karanta aikin kafin a yanke hukunci. Masana da dama, har da masu sana'ar ƙirgen kansu, sun faɗi haka: sanarwar San Francisco ta 2012 ta yi kira da a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga aikinsa, kuma ƙa'idoji goma na Leiden da aka buga a mujallar Nature a 2015 sun ware guda ɗaya don kare binciken da amfaninsa na cikin gida ne. Ita ma lambar tana da hanyoyin maguɗi, daga mai yanka bincike ɗaya gida huɗu zuwa abokan da ke ambaton juna don biyan bashi. Bayan haka, maƙala mai marubuta goma da ɗan Najeriya ɗaya a cikinsu ana iya ba Najeriya ita cikakkiya, ana iya ba ta kashi ɗaya cikin goma, kuma matsayin ƙasa a jeri yana sauyawa da wannan zaɓi da mai karanta jarida ba ya gani.

Gyaran yana hannun hukumomin gida. Ƙungiyar masana ma'adinai da duwatsu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1961, tana da mujallarta. Ya kamata asusun manyan makarantu na TETFund da asusun fasahar man fetur na PTDF su tallafa wa irinta ta riƙa fitowa a kan kari, da tantancewa mai tsauri, har ta cika sharuɗɗan manyan rumbuna. Tsoffin rahotanni da taswirori da kundayen digiri da ke cin ƙura a ɗakunan karatu a ɗora su a intanet da lambar shaida, yadda za a iya nemo su a ambace su. Jami'o'i su rubuta a ƙa'idojinsu cewa taswirar da aka tantance, da bayanan ruwan ƙasa da wata jiha ta yi aiki da su, suna da maki a ƙarin girma. Hukumar da ke ba baƙon masani izinin ɗibar samfuri kuma ta gindaya masa sharaɗin yin aikin da 'yan ƙasa tun daga tsara shi har zuwa rubuta sakamako, da sunayensu a kai.