Kuskuren Gidan Buga Kuɗi ko Raunin Aljihu?

A shekarar 1943, Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta wa Amurka daina buga santi ɗaya da tagulla, domin sojoji na buƙatarta. Aka koma baƙin ƙarfe da aka lulluɓe da tutiya. Sai dai wasu 'yan ƙwayoyin tagulla na shekarar da ta gabata, waɗanda ba a riga an buga ba, sun maƙale a cikin mazubi, suka bi ayari, aka buga musu 1943. Waɗanda aka tabbatar da sahihancinsu 'yan ƙalilan ne, kuma wanda ya fito daga gidan buga kuɗi na Denver an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010.

Ganin haka, 'yan damfara suka duƙufa. Wasu suka shafa wa na baƙin ƙarfe ruwan tagulla, wasu suka ɗauko na 1948 suka goge gefen lamba 8 har ta koma 3. Maganaɗisu yakan tona asirin na farko nan take, don tagulla ba ta manne masa. Sikeli ma na taimakawa: na tagulla giram 3.11 ne, na baƙin ƙarfe 2.7. Na 1948 da aka goge kuwa sai an ƙura wa siffar lambar ido da gilashin ƙara girma.

Tambayar da masu tara tsabar kuɗi ke fara yi ita ce, yaushe aibin da ke jikin ƙwayar ya faru? In aibin ya auku kafin ƙwayar ta bar injin, kuskure ne mai daraja. In daga baya ne, a aljihu ko a ƙarƙashin tayar mota, rauni ne kawai, kuma mafi yawan abin da mutane ke kawowa da zumuɗi irin wannan ne.

Santin 1955 na Filadelfiya ya fi kowanne koyar da ido. Hatimin da ake buga kuɗin da shi ne ya samu zane biyu da ba su hau kan juna daidai ba, don haka kowace ƙwaya da ya buga ta fito da shekara da rubutu ninki biyu, ɓaro-ɓaro. Kimanin 20,000 zuwa 24,000 suka shiga kasuwa, wasu a matsayin canji cikin kwalin sigari. Ninkin gaske yana da tudu da kauri. Akwai wani da ke ruɗar sabon shiga, wanda girgizar inji ke haifarwa: shi a shafe yake kamar matakala, yana ma rage faɗin harafin, kuma ba ya ƙara farashin kirki.

Ƙarfe ba ya ɓoye yadda aka yi da shi. Wuƙa ko guduma na ture shi gefe, ta bar ɗan tudu a bakin raunin. Ƙwayar da aka yanko da giɓi tun a masana'anta kuwa, bakinta yakan shiga giɓin a hankali, sannan gefen da ke daura da shi yakan fito bugun bai kama shi sosai ba.

Wani kuskuren ko gilashi ba ya buƙata. A 2008 gidan buga kuɗin Birtaniya ya haɗa tsohon hatimin fuska da sabon hatimin baya, aka samu kwabo 20 marar shekara ko kaɗan, ƙasa da ƙwaya 250,000. Abin takaici, wasu masu tsintar irin waɗannan sukan dirje su da toka ko man goge ƙarfe don su yi ƙyalli, alhali kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna rubuta cewa an goge ƙwayar, farashinta kuma ya faɗi.