Karcen Baƙar Mota da Rancen Asusunmu

Ranar Talata muke zubi. A inuwar dogon yaron da ke ƙofar gidan shugabarmu a Deule muke shimfiɗa tabarmi, mu 28, a fito da akwati, masu makulli uku kowace ta buɗe kwaɗonta, ma'ajiya ta ƙirga kuɗi a gaban kowa. Wata Talata cikin hunturun da ya wuce, ɗaya daga cikinmu, wadda ba ta taɓa fashin zubi ba, ta ajiye nata ta koma gefe ta yi tagumi.

Shugaba ta dube ta ta ce, "Ƙanwata, lahiya? Yau ba mu ji bakinki ba."

Ta ce, "Yaya, yaron ga ya jawo muna magana. Ya ɓata motar mutane a Madawa, wai sai mun biya jika 400."

Wuri ya yi tsit. Duk abin da ke cikin akwatinmu a ranar bai kai haka ba.

Yadda rancen ya fita

Wata huɗu kafin nan, wannan ƴar'uwa tamu ta karɓi rancen jika 75 don ɗanta ya buɗe wurin wankin mota da babura a bakin kwalta a Madawa. Mun amince da sauri. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙonni da Galmi ta nufi Maraɗi ta nan take ratsawa, ga motocin albasa, ga ƴan kabu-kabu, ga ƙura ba ta ƙarewa. Mun kuma ga gara yaro ya samu abin yi a gida da ya bi sa'o'insa cin rani Abijan ko Libiya. Ya sayi tano biyu, bokitai, soso da omo, ya kafa rumfa. Yana biya daidai, ba mu taɓa aika masa ba.

Mun tambaye shi nawa zai samu a rana, mun tambaye shi yaushe zai gama biya. Ko ɗayarmu ba ta tambaye shi wa ya koya masa wankin mota ba. A ganinmu wanki ai wanki ne.

Ranar da abin ya faru, wani saurayi ɗan Adar mazaunin Abijan, wanda ya zo bikin ƙanwarsa, ya kawo wata ƴar baƙar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajera har kamar cikinta zai taɓa ƙasa. Duwatsun hanyar garinsu ba za su bar ta ta wuce ba, shi ya sa ya bar ta a Madawa, ya ce a wanke ta kafin ɗaurin aure. Ƙura ta rufe ta ruf. Da yake ruwa saye yake yi bido-bido, yaronmu ya ɗauki busasshen tsumma ya fara kakkaɓe ƙurar yana gogewa don ya rage ɓarnar ruwa. Sannan ya dama omo, ya sa soson buhu ya dirje ta kamar yadda yake yi wa motocin kaya. Da ta bushe rana ta haske ta, sai ga jikinta duk zane-zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. A ƙofar direba kuma ga dogon karce guda, inda mariƙin bokiti ya kwarzane ta. Mai mota ya ce sai an sake mata fenti gaba ɗaya.

Abin da mai fenti ya nuna mana

Washegari mu uku muka shiga mota zuwa Madawa: shugaba, ma'ajiya da uwar yaron. Muka roƙi mai motar ya yi haƙuri a kai ta wurin wanda ya san aikin kafin a yanke kuɗi. Ya yarda. Wani dattijon mai fenti, wanda ya yi shekaru yana aikin a Kano kafin ya dawo gida, shi ya duba ta. Bai ce komai ba sai da ya sa aka wanke ta da ruwa mai yawa aka shigar da ita inuwa. Daga nan ya ce, "Hajiya, ku matso ku gani da idonku, tunda kuɗinku ne."

Ya bayyana mana cewa fentin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai fentin shimfiɗa, mai launin toka galibi, wanda ke hana tsatsa. A kansa akwai launin motar. A can sama akwai wani rufi garai-garai kamar gilashi, wanda ba shi da launi, shi ne ke ba mota ƙyalli, shi ne kuma ke tare wa launin zafin rana. Duk hawan nan idan aka haɗa su kaurinsu bai wuce na takardar littafi ba sosai, wato kusan kashi 1 cikin 10 na milimita ko sama da haka kaɗan. Rufin ƙyallin shi kaɗai bai kai kaurin silin gashi ba.

Ƙura kuwa ba gari ba ce. Hazon hunturu, wanda da yawansa iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, yana gauraya da rairayin nan gida, kuma ƙwayar rairayi tana da taurin da take iya karce gilashi. Duk wanda ya sa busasshen tsumma a kan mota mai ƙura, samfefa ya sa mata. Mu mata mun san wannan tun a ɗaki. Tukunya ake dirza da toka da yashi, amma wace ce za ta yi wa kwanonin jerenta haka?

Sai ya nuna mana gwaji biyu da kowa zai iya yi. Na farko, ya ɗiga ruwa a kan zane-zanen nan, suka ɓace kamar ba a yi su ba, sai da wurin ya bushe suka dawo. Ya ce duk karcen da ruwa ya ɓoye, a rufin sama ya tsaya. Na biyu, ya sa ma'ajiyarmu ta ja farcenta a hankali ta gitta karcen ƙofa. Farcen ya maƙale. Muka duba da kyau, sai ga layin toka-toka a cikinsa.

Karce iri uku ne, in ji shi. Wanda ya tsaya a rufin ƙyalli, goge shi ake yi. Wanda ya huda launi har fentin shimfiɗa ya bayyana, sai an cike shi da fenti. Wanda ya kai ga ƙarfe, shi ne mai gaggawa, don da damina ta sauka tsatsa za ta kama ta riƙa ci ta ƙarƙashi. Motar nan tana da na farko a ko'ina, da na biyu a wuri guda. Ba ta bukatar sabon fenti. Ya ƙara da cewa ko da kuɗin sun samu, bai ba da shawarar a sake ba, don fentin kamfani da aka gasa a tanda ya fi duk wanda za a fesa a gareji mai ƙura, kuma mai saye yana rage wa mota kuɗi idan ya gane an sake mata fenti. Wannan maganar ce ta sauko da mai motar.

Yadda aka yi gyaran

Kwana biyu aka yi, kuma dattijon ya sa sharaɗin yaronmu ya tsaya a gefensa daga farko har ƙarshe.

Bai fara da jikin motar duka ba. Ya zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu a murfin baya, ya ɗiga man goge mafi laushi a kan soson inji, ya bi a hankali ba tare da dannawa ba. Ya share ya haska tocila. Zanen ya ragu amma bai tafi ba. Sai ya ɗauko mai ɗan kaushi, ya sake bi, ya rufe da mai laushin. Wurin ya fito kamar madubi. Da ya ga abin da ya isa, a nan ya tsaya, ya bi sauran jikin da shi yanki-yanki, yana taɓa ƙarfen da bayan hannu kada ya yi zafi. Gefuna da kusurwoyi ya liƙe su da salatif, don a nan fenti ya fi siranta, inji kuma nan da nan yake cinye shi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wannan: gogewar ba ta cike karce. Rufin da ke kewaye da karcen ake ragewa har ya yi daidai da gindinsa. Ke nan kowace gogewa ɗiba ce daga abin da ba ya tsirowa. Ma'ajiya ta yi dariya ta ce, "Ashe uwar kuɗi ce ake ci." Dattijon ya ce haka ne, kuma motocin da muke gani rufinsu ya yi fari yana ɓarewa kamar mai ƙyasbi, rana ce ta gama da rufin nan, ko kuma an goge shi har ya ƙare.

Karcen ƙofa kuwa, ya nemo lambar launin motar a ƴar takardar da kamfani ke liƙawa a jikin ginshiƙin ƙofa, aka haɗa fenti daidai da ita. Da ɗan siririn buroshi ya riƙa cike layin kaɗan-kaɗan, yana barin kowane shafi ya bushe kafin ya ƙara. Ya rufe da ruwan ƙyalli. Washegari ya jiƙa samfefa mai lamba 2000, sannan mai 3000, ya daidaita tudun, ya goge. Ya faɗa wa mai motar gaskiya tun kafin ya fara: wanda ya san wurin, idan ya sunkuya zai gan shi, amma daga taku biyu ba mai gani. A ƙarshe aka shafe motar da kaki don ya tare ƙura da rana. Kuɗin aiki da kaya duka jika 45.

Muhawarar da muka yi

Talatar da ta biyo baya mun daɗe ba mu tashi ba. Wasu suka ce a biya daga asusun taimako. Wata dattijuwarmu ta ƙi, ta ce, "Wanga kuɗi na ciwo ne da haihuwa da rasuwa. In munka taɓa shi don mota, gobe mi za mu ce ma wadda ɗiyarta ke kwance likita?" Wasu kuma suka ce laifin yaro ne, uwarsa ta nemo. Wata ta amsa da cewa mu da muka ba da rance ba tare da tambaya ba, muna da namu kason.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da mata a jihar Maraɗi a 1991 har ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ƙarfinsa shi ne kuɗin namu ne, dokar ma tamu ce. Saboda haka muka yanke uku. Ba a taɓa asusun taimako ba. An ƙara wa ƴar'uwarmu rancen jika 45, aka tsawaita mata wa'adi da wata biyu. Sannan muka ƙara layi guda a dokokinmu: duk mai neman rancen sana'a, ita ko ɗanta, sai ta faɗa wa taro wurin wa aka koya, kuma me zai faru idan kayan mutane suka lalace a hannunta. Wannan ya shafi mai ɗinki, mai niƙa da mai cajin salula, ba mai wanki kaɗai ba.

Ga masu babur, adaidaita ko mota

Ƙungiyoyi da dama a Buza, Keita da Madawa sun sayi babur ko adaidaita suna ba da haya, kuma ranar sayarwa jiki ake fara dubawa kafin a tada inji. Ga abin da muka koyo, ku gaya wa direbobinku:

Kada a goge ƙura a bushe. A fara zuba ruwa ya kwashe ta, ko da buta ce.

A yi bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma, don rairayin ya zauna a na biyun. A fara daga sama a gangaro. Tayoyi su zo a ƙarshe, da nasu tsumman daban. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

A bar omo da soson buhu. Omo yana wanke kakin da ke kare fenti. A nemi sabulun mota na ruwa da tsumma mai laushi.

A wanke da safe ko da yamma, a inuwa, a tsane nan take. Ruwan rijiya idan ya bushe da kansa a kan ƙarfe mai zafi yana barin tabo.

Kashin tsuntsu da ɗigon itace kada su kwana. A jiƙa su su yi laushi kafin a ɗauke.

Idan za ku sayi na hannu, ku duba shi a bushe, da rana. Jiƙaƙƙen jiki yana ɓoye karce. Ku riƙe ɗan mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle: inda ya ƙi kamawa a jikin da ya kamata ya zama ƙarfe, wataƙila an cike wurin da mastik bayan haɗari.

Yaronmu yana nan a rumfarsa. Yanzu bokitinsa biyu, kuma duk motar da ta shigo sai ya zagaya ta tare da mai ita, sun ga tsofaffin karcen da ke jikinta, kafin ya taɓa ruwa. Ranar Juma'a yana zuwa wurin dattijon yana koyon riƙe inji. Saura zubi biyu uwarsa ta gama biya.

Ƴan'uwa, idan wata ƙungiya ta taɓa shiga irin wannan, ku aiko mana yadda kuka warware, mu buga a fitowa ta gaba. Allah Ya sa albarka a akwatunanmu, Ya tsare mana ɗiyanmu a wuraren nemansu.