Tarin fuka: ƙwayar da ke ɓuya a ɗakin mai gadi

Shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ya gano masu cutar sama da 360,000 a 2023, alhali a 2020 ba su kai 140,000 ba, kuma jami'ai a Abuja sun yi ta murna. Amma ganowa daban, warkarwa daban. A ƙauyukan Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara, inda 'yan bindiga suka mayar da zuwa asibiti kasada, kammala wata shida na magani shi ne inda gizo ke saƙa.

Dalilin wata shidan yana cikin halin ƙwayar. Idan mutum ya shaƙe ta ta isa ƙasan huhu, ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj sukan haɗiye ta, su kulle ta a wata 'yar jaka, da nufin zuba mata sinadarai masu narkarwa. Sai ta hana jakar haɗuwa da ma'ajiyar sinadaran, fatarta mai kauri da maiƙo kuma ta kare ta. Ɓarawo ke nan ya tare a ɗakin mai gadi. Ba ta gaggawa: sai bayan awa 15 zuwa 20 take rabuwa biyu, wasu kuma su yi lamo tsawon shekaru, ga shi yawancin magunguna sun fi kama ƙwayar da ke hayayyafa.

Shi ya sa bayan wata biyu tari ke lafawa, gumin dare ya ɗauke, majiyyaci ya fara cin tuwo sosai. Da ma ya tsorata da fitsarinsa da maganin rifampicin ya mayar ja, ga kuɗin babur, ga labarin an tare hanyar Maradun. Sai ya ce ya warke, ya daina shan magani. Ƙwayoyin da suka yi lamo su farfaɗo, wani lokaci har sun daina jin maganin.

Yunwa kan raunana garkuwar da ke tsare su. Haka ma ƙurar dutse: tun 2010 Zamfara ta san gubar dalma a Anka da Bukkuyum, amma ba a cika maganar cewa ƙurar da injin niƙan dutsen zinare ke tayarwa tana kashe makrofaj ɗin kansu ba.

Masu kare gwamnati za su ce magani kyauta ne, na'urar GeneXpert na ba da sakamako cikin awa biyu, hauhawar alƙaluma kuma shaidar aiki ce. Gaskiya ne, iyakar nan. Kyautar da ke cikin gari ba ta isa ga wanda ke bayan dam ɗin Bakolori ba. A riƙa bai wa irin waɗannan maganin makonni da yawa lokaci guda, a ɗora sa ido kan ma'aikacin lafiya ɗan ƙauyen, wanda ya san inda kowa ya yi hijira.