Tafiyar Ƙafa Ma Magani Ce Ga Ciwon Damuwa

A kusan kowace ikilisiya akwai mutanen da jama'a suka san wani abu yana cin su, amma ba wanda ya san sunan abin. Akwai malamin makarantar da ya yi ritaya, wanda a dā shi ne ke fara isa sujada, yanzu kuwa wuni yake yi a kan kujera a ƙofar ɗaki, rediyo yana ta magana ba ya ji. Akwai gwauruwar da tun bayan jana'izar maigidanta ta daina zuwa zumunta. Akwai kuma saurayin da ya gama bautar ƙasa shekara uku ke nan babu aiki, ba ya barci da dare, ba ya tashi sai rana ta take. Idan an gaishe su sai su ce, "Jiki ne kawai," ko kuwa, "Tunani ne ya yi mini yawa." Sun je kemis sun sha maganin zazzaɓin cizon sauro, sun sha na taifot, wasu har ƙarin ruwa an yi musu, amma abu yana nan.

Likitoci suna da suna ga irin wannan hali, wato ciwon damuwa. Ba baƙin cikin kwana biyu ba ne, wanda kowa yakan yi ya wartsake. Shi wannan yakan wuce mako biyu yana danne mutum kusan kullum: abinci ba daɗi, barci ba daɗi, abin da mutum yake so a dā ya fita daga ransa, ga kasala, ga ganin kai ba a bakin kome ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 7 ne ke fama da shi a Nijeriya. Ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon suga, yana kama mai bi da marar bi, yana kama dattijon ikilisiya kamar yadda yake kama ɗan kwaya. Waɗanda ke ce wa mai shi bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ƙara masa kaya kawai suke yi.

To, ina magani? A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Wannan ci gaba ne. Amma doka ba ta haifar likita. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kawai ga jama'a fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Shi ya sa muka ga ya kamata mu jawo hankalin masu karatu ga wani taimako wanda ba a saye da kuɗi, kuma bincike ya tsaya masa, wato motsa jiki a kai a kai.

A 1999 wasu likitoci na Jami'ar Duke a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa James Blumenthal, suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun tara mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama, dukansu an tabbatar suna da ciwon damuwa, suka kasa su uku. Kashi na farko aka ba su ƙwayar magani. Kashi na biyu ba a ba su kome ba sai motsa jiki sau uku a mako, tafiya da sauri ko sassarfa ko tuƙa keke na kamar rabin awa. Kashi na uku aka haɗa musu duka biyu. Masu shan magani sun riga sauran fara jin sauƙi, amma da aka cika mako 16 sai aka tarar kusan kunnen doki aka yi: a kowane kashi, wajen mutum shida cikin goma ko fiye sun fita daga ciwon. Abin da ya fi ba likitocin mamaki ya zo ne bayan wata shida, da suka sake duba waɗanda suka warke. A cikin masu magani kaɗai, ciwon ya dawo wa kashi 38 cikin ɗari. A cikin masu motsa jiki kaɗai, kashi 8 ne kawai. Gaskiya ne mutanen ba su da yawa, kuma da son ransu suka shiga, ana kuma lura da su. Duk da haka gwajin ya buɗe ƙofa, wasu suka bi.

A ƙasar Norway an bi mutum kusan 34,000 masu lafiya har shekara 11 ana duba rayuwarsu. Masu binciken suka lissafa cewa da kowa ya riƙa motsa jiki ko da awa ɗaya ce a mako, da an kauce wa kashi 12 cikin ɗari na ciwon damuwar da ya ɓullo a tsakaninsu. A 2024 kuma mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 218 na mutum fiye da 14,000. Tafiya da sassarfa sun taimaka, ɗaga nauyi ya taimaka, kuma gwargwadon yadda mutum ya ɗan yi gumi, gwargwadon amfanin da ya samu. Rawa ma ta fito a sahun gaba, ko da yake gwajin da aka yi a kanta kaɗan ne. A nan sai mu ce wa iyayenmu na zumuntar mata barka: wannan rawar da kuke takawa da tulu da kacau-kacau daga bayan ɗakin sujada har gaban bagade ranar baiko na godiya, ashe ba ga ruhu kaɗai take aiki ba.

Me ke faruwa a jiki? Masana ba su gama warware zaren ba, amma akwai abubuwan da suka fito fili. Na farko barci. Wanda ya taka da rana yakan yi barci da wuri, barcin kuma ya yi nauyi, kuma duk wanda ya taɓa kwana ido biyu yana juyi ya san yadda ƙaramar matsala takan zama dutse da ƙarfe biyun dare. Sai kuma ita kanta ƙwaƙwalwar. Akwai wani sashe a cikinta mai kula da tunawa, wanda yakan ƙanƙance da tsufa da kuma doguwar damuwa. A wani gwaji da aka buga a 2011 a Amurka, tsofaffi 120 aka raba biyu. Waɗanda suka riƙa tafiyar minti 40 sau uku a mako har shekara guda, sashen nan ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, na sauran kuwa ya ragu. Akwai kuma abin da ba ya bukatar na'ura kafin a gane shi. Ciwon damuwa yana son ɗaki mai duhu da mutum shi kaɗai, tunani ɗaya yana ta zagaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Fita tana yanke wannan igiya. Mutum ya ga hasken safiya, ya gaisa da mai shayi, ya dawo da sanin cewa yau dai ya yi wani abu.

Mun san wasu za su ce wannan zancen Turawa ne da 'yan boko masu zaman ofis. Manomin da ya wuni yana huɗa, da matar da ke hawa tudu da tulun ruwa sau huɗu kafin hantsi, wane motsa jiki kuma za a koya musu? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ma'aikata nawa ne suka koma takawa zuwa aiki ba da sonsu ba? Tambayar tana da nauyi. Amsar da bincike ya bayar ita ce, ba kowane motsi ne ke hutar da zuciya ba. Wahalar aiki, wadda mutum bai zaɓa ba, ba ya iya tsayawa in ya gaji, kuma yana yin ta da lissafin bashi a kai, ba ta ba da irin sauƙin da ake samu a motsin da mutum ya yi don nishaɗi. Saboda haka manomi ba ya bukatar a ƙara masa gudu. Abin da zai amfane shi shi ne lokacin rani, bayan an kai amfani rumbu, kada ya zauna a gindin bishiya wata huɗu. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa kaka take zuwa da kokawa da langa da raye-rayen dandali.

Amma gaskiya yawancin masu karanta wannan shafi ba sa huɗa. A Kaduna ko Jos ko Yola, mutum yakan hau acaɓa ko Keke Napep don tafiyar da ba ta kai minti goma ba, ya zauna a shago ko ofis, ya dawo ya zauna gaban talabijin ko ya duƙufa a kan waya. Ga kuma wata al'ada da ta shige mu: babban mutum ba ya tafiya a ƙasa, idan an gan shi yana takawa sai a ce ko motar ta lalace, ko arziki ya karye. Matar aure kuwa in ta fito da takalmin kambas da sassafe, kafin ta dawo unguwa ta gama zancenta. A ganinmu a nan ne ikilisiya take da abin yi, domin abin da mutum ɗaya zai ji kunyar yi, mutum goma ba za su ji ba. Yawancin majami'unmu suna da fili a kewaye wanda ba a amfani da shi daga Litinin zuwa Asabar sai 'yan Birged in sun zo fareti. Ƙungiyar maza ko ta mata za ta iya sa ranaku uku a mako, a taru da ƙarfe shida, a zaga fili ko unguwa na rabin awa, kowa ya kama gabansa.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako ga babba, na motsi matsakaici, wato irin tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera waƙa ba. Rabin awa sau biyar a mako ya cika minti 150. Yara kuwa awa guda kullum. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, domin ko rabin ma'aunin yana da amfani ƙwarai. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko suga, da mace mai ciki, su fara jin ta bakin ma'aikacin lafiya. A watannin Maris da Afrilu a guji rana, a riƙe ruwa. Lokacin hunturu mai asma ya jira ƙura ta lafa. Inda babu tsaro, kada a fita da duhu, kada a bi hanyar daji.

Wani abu kuma da masu ziyarar marasa lafiya ya kamata su riƙe: ciwon damuwa yana cinye ainihin ƙarfin da mutum zai tashi da shi. Ce wa mai shi "ka riƙa motsa jiki" kamar ce wa mai karaya ne ya taka zuwa asibiti. Abin da ke aiki shi ne wani ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Baba, zo ka raka ni bakin kasuwa," ko "Mama, taso mu je mu gai da mai jego." In ya ƙi yau, a dawo jibi, ba tare da faɗa ko wa'azi ba. Marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane ƙarfin wannan tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta, inda ya sa marasa lafiyar ƙwaƙwalwa su zauna a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna cikin jama'a suna karɓar magani, maimakon a kulle su a ɗaki.

Lambo bai jefar da magani ba, mu ma ba mu ce a jefar ba. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya kada ya daina don ya fara tafiya, sai da izinin likitan. Wanda kuma ya daina cin abinci, ko yana jin muryoyi, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ya wuce zancen zaga fili: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Jos da na Zariya suna da sashen da ke duba masu wannan ciwo.